Na-Iya da Wilin Tangaran

A layinsu an daɗe da manta sunan yankan mai sa tayil ɗin nan. Kowa Na-Iya yake ce masa, har matarsa idan ya ƙure ta. Shi ya jawo wa kansa sunan da bakinsa. Rediyo ya ɗauke, ya iya. Famfo na yoyo, ya iya. Ranar da haƙorin maƙwabcinsa Tela ya kumbura, sai da mutum biyu suka riƙe Na-Iya, don har ya shiga gida ya fito da filaya. A bar wa gaskiya haƙƙinta, in dai tayil ne ba a raina hannunsa. Zai shimfiɗa maka falo ka zuba ruwa ya tsaya cak bai san inda zai gangara ba. Matsalar ita ce, a wurinsa duk abin da ke duniya daɓe ne da ke jiran a gyara shi.

Abu ɗaya ke ci masa rai. 'Yarsa Auta, wadda ke aiki a kantin magani da rana tana kuma tseren keke da sassafe, ba ta taɓa miƙa masa kekenta ba. Ko ƙara kaɗan keken ya yi, sai ta tsallaka titi ta kai wa Mai Faci, wani tsoho mai rumfar gyaran keke daura da gidansu, tana wani ce masa Kawu. Na-Iya na zaune a ƙofar gida yana kallo, yana tsaki ƙasa-ƙasa.

Wata yamma Auta ta shigo rungume da wilin keke biyu cikin jaka mai zif, tana tafiya a hankali.

"Baba, ɗan janye ƙafarka, kada su bugu."

"Me kika ɗauko kike lallaɓawa kamar jariri?"

"Wilin Koci ne, mai horar da mu, aro ya ba ni. Jibi ne gwajinmu. Mu goma sha biyu ne, uku za a ɗauka cikin ƙungiya. Hanyar akwai doguwar gangara, ga ruwa ana yi kullum. Nawa wilin in ya jiƙe birki ba ya kama shi. Wannan kuwa ko a cikin ruwa kamawa yake, saboda gefensa rufin tangaran ne."

Na-Iya ya ajiye kofin shayinsa. "Tangaran kika ce?"

Auta ta gane ta yi suɓul da baka, amma magana ta riga ta fita.

"To ai gida ya zo! Tayil mene ne in ba tangaran ba? Shekara talatin ina yanka shi, ina goge shi, ina shaƙar ƙurarsa. In aka tsaga ƙirjina tangaran za a tarar."

"Baba, ba irin naka ba ne."

"Tangaran ba shi da iri biyu, yarinya."

"Don Allah ka saurare ni." Ta durƙusa tana ɗaura wilin a jikin kekenta. "Shekara goma sha biyar Koci yana tare da su, kuma an daina ƙera irinsu. Bai taɓa ara wa kowa ba sai ni. Ba a sa musu mai, ba a sa musu sanfefa. Wannan koriyar robar birkin ita kaɗai ce ke zama da su. In baƙi ya manne a gefen, da wannan ɗan magogin ake sharewa." Ta nuna masa wani abu kamar abin goge fensir. "Gobe da yamma zai zo ya duba saitin birkin da kansa."

Daga kicin Maman Auta ta leƙo. "Malam, ka dai ji da kunnenka."

"Na ce zan taɓa ne? Ido kawai na sa. Ko shi ma an hana?"

Da safe Auta ta tafi aiki, Maman Auta ta ɗauki kwando ta nufi kasuwa, aka bar Na-Iya da keke a baranda su biyu. Ya wuce shi sau ɗaya. Ya dawo ya sake wucewa. A na uku ya tsuguna, ya ɗora babban yatsa a gefen wilin gaba ya ja.

Kaushi! Ga shi toka-toka, ba ƙyalli ko na sisi. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Wato wannan Kocin ya dubi 'yarsa ya ba ta abin da ba a ƙarasa aikinsa ba. Tayil ɗin da ya yi irin wannan kaushi ko a banɗakin tasha ba zai sa shi ba. Gobe sauran 'yan mata sha ɗaya za su jeru da wili na walƙiya, tasa kuma ta tsaya da wannan abu kamar gindin tukunya. Nan take shiri ya faɗo masa. Zai gyara wilin ya koma kamar madubi, Auta ta zo ta ɗaya, a tambaye ta sirrin, ta nuna shi cikin taro ta ce, "Babana ne." Har ya fara tunanin rigar da zai sa.

Yana juya wilin sai ya ga wani ɗan ɓantare, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya kama ɓarawo. Duk mai sa tayil ya san inda aka ga ɓantare akwai rami a ƙarƙashi, kuma hanyar ganewa ɗaya ce. Ya ɗauko cokalin gini, ya juya ƙotarsa, ya shiga ƙwanƙwasa gefen wilin yana kasa kunne. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. A ƙwanƙwasa ta bakwai wani ɓallin ya faɗo ƙasa.

"Ka gani ko!" ya ce da keken. "Da ban duba ba fa?"

Ya kwance wilin gaba, ya fita da shi ƙofar gida inda akwai haske, ya ɗora a kan bulo biyu. Ya kwaɓa farin siminti a murfin gwangwani, ya cike ɓantaren nan biyu tsaf. Tela, wanda shagonsa ke manne da gidan kuma ba abin da yake so irin a yi abin kallo, ya fito da tef rataye a wuya.

"Na-Iya, yau kuma keke aka koma yi wa daɓe?"

"Ilimi ne, Tela. Tsaya ka ƙaru."

Rana ta busar da simintin, ya taso fari fat kamar ƙuraje biyu a goshi. Na-Iya ya tuna an ce ba a sa sanfefa, amma ya fahimci an faɗi haka ne don waɗanda ba su san hannunta ba. Ya ɗauko falle ɗaya ya shiga gurza. Simintin ya ɓalle ya faɗi tun a gurzar farko. Tangaran kuwa ko gezau. Ya duba sanfefar, ta yi sumul kamar takardar rubutu. Ya ɗauko ta biyu, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ta uku ma haka.

Zuwa lokacin mutum biyar sun taru. Tela ya ɗaga sanfefa ɗaya sama yana nuna musu.

"Jama'a, ku raba mana gardama. Shi ke goge wilin, ko wilin ke goge shi?"

Aka kwashe da dariya. Kunnen Na-Iya ya yi zafi. A ce yau tangaran ya kunyata shi a gaban Tela, mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba! Ya miƙe, ya shiga gida, ya fito rungume da girandarsa ta yankan tayil, da doguwar waya.

"Jona mini a shagonka."

"Da gudu ma," in ji Tela.

Ƙarar gwajin girandar ce ta fito da Mai Faci daga rumfarsa. Ya tsallako yana share hannu da tsumma, ya dubi abin da ke kan bulo, ya dafe kai.

"Na-Iya, wannan ba wilin da aka ara wa Auta ba ne?"

"Shi ne. Sai aka yi yaya?"

"Kashe abin nan, don girman Allah. Wannan kaushin da kake gani shi ne wilin. Shi birki ke kamawa. Rufin bai kai kaurin farce ba, in ka kankare shi ba mai mayar da shi."

"Ji mini mai faci zai koya mini tangaran! Kai da sana'arka tofa yawu a tiyub kana neman kumfa."

"Ni dai yawuna bai taɓa lalata kayan aro ba."

"Tayil nawa ka taɓa sawa a rayuwarka?"

"Keke nawa ka taɓa gyarawa?"

"Yau za a fara ƙirge."

Mai Faci ya kai hannu zai ɗauke wilin, Na-Iya ya kunna giranda, tsohon ya ja da baya ba shiri. Ya koma gefe ya ciro waya ya kira Auta. Sau uku yana kira wayarta a kashe, don a kantinsu a loka suke ajiye waya sai an tashi. Ya zauna a kan dakali ya zuba tagumi.

Na-Iya ya ɗora faifan giranda a gefen wilin. Ƙura mai ruwan toka ta tashi. Da ya ɗaga hannu, sai ga wani fili kamar tafin yaro ya fito fari tas yana ɗaukar ido. 'Yan kallo suka ce, "Kai!"

"Kun gani?" Ya juya yana dubansu ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa a kan Mai Faci. "Dauɗar shekara goma sha biyar ce! Ga ainihin tangaran nan a ƙasa."

"Gorar ruwa ce a ƙasa," in ji Mai Faci. "Irin ƙarfen tukunya. Tangaran ɗin ga shi can yana tashi sama."

Ba wanda ya saurare shi, ƙyalli ya riga ya tafi da mutane. Na-Iya ya duƙufa. Iska ta kwashi ƙurar ta kai ta ta tagar Tela, ta sauka a kan farin yadin da ya shimfiɗa zai yanka. Tela ya ruga ciki yana salati, ya fito yana kaɗe yadi yana faɗa, amma bai zare wayar ba, don son kallonsa ya fi son yadin mutane. Can girandar ta ciji ƙarfen da kyau, wilin ya fizge daga kan bulo ya miƙe tsaye ya kama hanya shi kaɗai. Sai da aka bi shi har ƙofar gida na huɗu aka kamo.

"Lafiyayyen wili ke nan," in ji Na-Iya yana haki. "Tun ba a hau ba ya fara tsere."

Da ya gama gefe ɗaya ya shafa, sai ya ji tudu da kwari, don hannu ya nutse a wasu wuraren. Wannan kuwa abu ne da mai sa tayil ba ya iya kwana da shi. Ya ɗora fulam ɗin da yake auna daidaiton daɓe, ya rufe ido ɗaya, ya rage tudun. Ragewar ta zarce, tudun ya zama kwari, kwarin da ke kusa ya zama tudu. Ya rage shi shi ma. Haka ya yi ta zagaya wilin har sau uku kafin ya gamsu, sannan ya juya ɗaya gefen ya yi masa irin wannan adalci.

Yana cikin haka Maman Auta ta dawo. Ta tsaya da kwando a hannu, ta dubi taron, ta dubi mijinta da ya yi furu-furu da ƙura har gira.

"Malam, idon ke nan?"

"Shiga ciki, Maman Auta. Aikin maza ake yi."

"Yarinyar nan wata shida tana tashi tun duhu saboda gobe. Wallahi in ka ja mata, ni ba ruwana, kai da ita."

"Gobe da bakinki za ki gode mini."

"Allah ya sa in ga goben da ido biyu," ta ce, ta shige tana girgiza kai.

Saura ƙarashe. Ya ɗauko man da yake shafa wa tayil ranar miƙa aiki, mai sa falo ya yi santsi har mai gida ya riƙa bin bango. Auta ta ce ba a sa mai, amma ai man keke take nufi. Ya lafta wa gefe biyun, ya murza da tsumma har sai da ya ga haƙoransa a ciki. Ya fito da keken ya mayar da wilin. Rana ta riga ta karkata, ya ga ba zai samu yi wa na baya ba, abin ya dame shi, amma ya ce gobe da asuba ma rana ce.

Sai idonsa ya faɗa kan koriyar robar birki. Ya danna da farce, tauri kamar dutse. Wannan ai ita za ta ƙwarzane masa aiki. Ya kwance duka huɗun, gaba da baya, ya watsar gefe. Mai Faci ya tashi shiru ya tsince su. Na-Iya ya ɗauko robar da yake shafa siminti a tsakanin tayil, mai laushi kamar soso, ya yanka gida huɗu da wuƙa ya cusa a mazauninsu. Sannan ya ari famfo ya bunƙara wa tayar gaba iska, yana yi yana dannawa, sai da ta daina lotsawa ko kaɗan.

"Rage iskar nan," in ji Mai Faci. "Ka cinye bangon wilin, ba zai riƙe ba."

"Hassada dai ba kyau, tsoho."

Layin nasu gangara ne tun daga ƙofar Na-Iya har bakin babban titi, inda ake wankin mota. Na-Iya ya taka har wajen falwayar lantarki ta uku, ya ja layi da alli a ƙasa, ya dawo.

"Ku buɗe ido. A kan layin can zan tsaya, ba gaba ba baya. In tayata ta wuce shi da faɗin yatsa, ku canza mini suna."

Hawan ma sai da aka sha fama. Sirdin siriri ne kamar wuƙa, ƙahon keken kuma ya lanƙwasa ƙasa, sai da tumbinsa ya kwanta a kan cinya kafin hannu ya kai. Tela ya riƙe shi ta baya.

"In sake?"

"Tura ma, ba saki ba."

Tela kuwa ya tura da zuciya ɗaya.

Keken tsere ba ya jiran a roƙe shi. Kafin falwaya ta farko rigar Na-Iya ta cika da iska. Yana wucewa yana yi wa mutanen bakin hanya bayani: "Kun ga aikin santsi ko? Ko feda ban taka ba!" Da ya hango layin alli sai ya matse birkin gaba da yatsa biyu, cikin ƙasaita. Robar ta kama wilin ta yi ta sulɓi a kan mai, shiru kamar ba a taɓa komai ba. Ya ƙara yatsa biyu. Keken ya ƙara gudu.

Layin alli ya wuce ta ƙarƙashinsa.

"Na-Iya, ga layin can a baya!" Tela ya ƙwala daga sama.

"Na gani! Wancan na gwaji ne!"

Ya damƙe birkin baya da duk ƙarfinsa. A nan kuwa tangaran na nan da kaushinsa, ya karɓi robar siminti ya shiga gurzarta kamar ana kankare kwakwa. Baƙin gari ya riƙa fita ta baya, wari ya tashi, keken ya ɗan yi kamar zai saurara. Kafin falwaya ta biyar roba ta ƙare, hannun birkin ya manne da ƙaho ba abin da ya rage a tsakani.

"Birki, Na-Iya! Kama birki!"

"Na kama! Shi ne bai kama ba!"

Daga nan bayani ya ƙare, sai ihu. "Ku kauce! Ku ba da hanya!" Wata mata mai tallan lemo ta yi tsalle gefe, lemo ya biyo shi a baya yana gangarawa. Wani mai shara ya jefar da tsintsiya ya haye katanga. Na-Iya ya sauke ƙafa zai ja ƙasa, takalmi ɗaya ya fice ya yi nasa wuri. Duk layin ya biyo shi a guje, Tela a gaba, Mai Faci a can baya yana ɗingishi, Maman Auta ta fito da ludayi a hannu ba ta ma san tana riƙe da shi ba.

A wurin wankin mota ƙasa jiƙe take da ruwan sabulu. Masu wanki suka watse. Keken ya ratsa tsakanin motoci biyu da ikon Allah, ya daki tarin tsumma da soso ya tsaya. Na-Iya bai tsaya ba. Ya tashi ta saman ƙaho ya faɗa cikin babban kwamin kumfa da ka, ƙafafu a sama, ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Daidai lokacin wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin titi. Auta ta fito daga gefe ɗaya da rigar aikinta. Daga ɗaya gefen wani siririn dattijo mai furfura ya fito da ƙaramar jakar sifana. Koci ne, ya biya ya ɗauko ta daga kanti don su duba birki.

Aka jawo Na-Iya ta ƙafa. Ya miƙe, kumfa a ka kamar hula, ya share ido, ya ga 'yarsa, ya ga baƙo. Wani mutum da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya gyara tsayuwa.

"Sannu da zuwa, Koci. Gwaji muke yi, da gangan na biyo ta ruwa." Ya ɗaga gaban keken sama ya juya wilin, rana ta haska shi. "Duba nan. Duk wannan gudu ko ƙwarzane babu. Ka taɓa ganinsa yana ƙyalli haka?"

Ƙarar da ta biyo baya sai da ta sa masu wankin mota suka kwanta a ƙasa. Bangon wilin da giranda ta cinye ya kasa riƙe iska, ya tsage ya nannaɗe waje kamar murfin gwangwanin kifi, tiyub ya leƙo ta ciki a yage. Na-Iya na tsaye riƙe da ƙaho, baki buɗe.

Ba wanda ya yi dariya tukuna, kowa na jira. Koci ya tsuguna, ya shafa gefen wilin da yatsa, ya shinshina yatsan. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Wa ya yi wannan?"

Auta ta dubi ubanta, jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya ba takalmi, ga mutanen layi sun yi da'ira suna danne dariya. Tausayinsa ya kama ta duk da abin da ke cin zuciyarta.

"Ni ce, Koci," ta ce. "Na ga ya yi dauɗa ne na goge."

Koci ya dube ta. "Na faɗa miki da bakina abin da ba a yi masa."

"Ka faɗa."

"To gobe kada ki zo. Wadda ba ta jin magana a kan wili ba za ta ji ba a kan gangara, kuma ni ba na ɗaukar gawa."

Auta ta sunkuyar da kai. "To, Koci."

Wannan "to" ɗin ya soki Na-Iya fiye da faɗuwar da ya yi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ni ne," ya ce can ƙasa.

"Ban ji ba, Malam."

"Na ce ni ne! Yarinyar nan tana wurin aiki tun safe. Ta hana ni, uwarta ta hana ni, tsohon can ma ya hana ni. Ni na ɗan goge shi."

"Ɗan gogewa?" Tela ya matso. "Ka manta da ƙwanƙwasawa."

"Na ƙwanƙwasa."

"Da farin siminti," in ji wani.

"Da siminti."

"Sanfefa uku!"

"Giranda, zagaye uku kowane gefe, da wutar shagona!"

"Man tayil!"

"Lemona fa?" in ji mai talla.

Kowa ya kawo tasa shaidar, Na-Iya na amsawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar gaisuwa, dariyar da aka danne ta ɓalle gaba ɗaya har masu wanki na riƙe ciki. Maman Auta kaɗai ba ta yi ba, sai nuna shi take da ludayi.

Koci bai yi dariya ba. Ya buɗe jakarsa, ya kwance wilin baya da hannunsa, ya share baƙin robar da hankici a hankali. Mai Faci ya miƙa masa koriyar robar nan huɗu, ya karɓa ya yi godiya. Ya kwance na gaban ma, abin da ya rage nasa, ya sa duka a mota. Sannan ya juyo wurin Auta.

"Ƙarya ba ta yi miki kyau ba, kada ki sake. Gobe ƙarfe bakwai. Da naki wilin."

Motar ta tafi. Auta ta san abin da hakan ke nufi. In aka yi ruwa, tun daga saman gangara za ta fara jan birki tana kallon sauran suna wuce ta, wata shida na tashin asuba su tafi a banza. Ba ta yi kuka ba. Ta saɓa gangar keken a kafaɗa, ba wili gaba ba wili baya, ta kama hawan layi. Mutane suka buɗa mata hanya, dariya ta mutu.

Na-Iya ya bi ta da ɗingishi, ruwa na ɗiga daga rigarsa.

"Auta. Kawo in ɗaukar miki."

"Bar shi, Baba."

Suka ɗan taka.

"Auta, faɗa mini abin da zan yi miki. Ko mene ne."

Ta tsaya, ta juyo ta dube shi sosai.

"Gobe ka zo ka tsaya a ƙarshen gangarar, inda zan gan ka. Ka sa hannuwanka biyu a aljihu. Kada ka fito da su sai na wuce."

Ta juya ta ci gaba da tafiya. Na-Iya bai jira goben ba. Nan take ya zura hannuwansa cikin jiƙaƙƙun aljihunsa, ya bi bayanta har gida a haka, takalmi ɗaya a ƙafa, kumfa na zuba daga kunnensa.